Hayar babur a Gembu: ɗan rakiya ya fita kunya, mai babur bai kyauta ba

Tun bara nake cin burin hawa babur a kan tsaunin Mambila, sai ƙarshen watan Satumban nan Allah ya nufa. Mu uku muka taso daga Jalingo ranar Juma'a da sassafe, muka bi ta Bali da Serti, muka fara hawan tsaunin daga Mayo Selbe, ba mu shiga Gembu ba sai bayan magariba. Babura ba mu taho da su ba. Wani mai ba da haya ne aka haɗa mu da shi, muka yi magana ta waya tun mako biyu kafin tafiyar, na tura masa kafin alƙalami, ya rantse mini cewa duka ukun an sa musu sababbin tayoyi kuma an gyara birki. Wannan alƙawarin ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Ranar Asabar ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Mun nufi gonar shayi ta Kakara, hazo ya rufe tuddai, shanun Fulani na kiwo a ciyawa kore shar, ga layukan bishiyoyin turare a bakin hanya. Sanyin safiya ya ratsa safar hannuna har yatsu suka ƙage. Na lura babur ɗin ba shi da ƙarfin da na saba ji a gida, na zaci lalacewa ce, sai yaron da aka haɗa mu da shi ya yi mana rakiya ya ce a'a, tudun ne. Wurin ya kai kusan mita 1,600 sama da teku, iska ba ta da kauri, injin mai kafireta yana shan mai fiye da iskar da yake samu, shi ya sa filogi ke saurin yin baƙi. Ya ciro filogin ya goge a gabana, ya mayar, babur ya ɗan wartsake. Nan na fara ganin girman yaron.

Lahadi ce ta ɓata komai. An kwana ana ruwa, mu kuma mun shirya gangarawa bakin kogin Donga mu ga inda ake ɗora babura a kwalekwale ana haye da su. Wanda bai taɓa taka jar ƙasar Mambila bayan ruwa ba, ba zai gane abin da nake nufi da santsi ba. Laka ce mai danƙo, tana cika tsagin taya ta mayar da ita sumul. To tayar bayan nawa babur ɗin dama tsaginta ya kusa shafewa. Ranar Asabar ban kula ba saboda ƙasa ta ɗan sha iska. Muna tsakiyar wani dogon gangare na taka birkin baya, ƙafata ta tafi har ƙasa, babu abin da ya kama. Na sake takawa, shiru. Na damƙi na gaba, tayar gaba ta zame, sai ga ni kwance a gefen hanya, babur a kan ƙafata ta dama, salansa na cin kwaurina. Taku kaɗan ya rage tsakanina da kwazazzabo. Har yanzu in na tuna wurin sai gabana ya faɗi, domin ina da iyali, kuma ba don in yi wasa da raina na je ba.

Yaron nan ya jefar da nasa babur ɗin ya rugo, ya ɗage mini nawa shi kaɗai kafin abokaina su iso. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka motsa tukuna, bari in ga ƙafar." Ya zuba ruwan gora a kan ƙunar, ya yage gefen rawanin da ya naɗe wuyansa da shi ya ɗaure mini sako-sako. Da hankalina ya dawo ya kwance tayar baya a nan bakin hanya, ya nuna mini birkin: ya cinye ƙurmus, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Bai ce komai a kan maigidansa ba, amma na ga fuskarsa ta sauya. Ya ba ni nasa babur ɗin, ya rage wa tayoyin iska kaɗan don su kama ƙasa, ya ce in bar shi a giya ta ɗaya in bar injin ya riƙe ni, kada in matse kulochi a gangare. Shi kuma ya hau marar birkin yana jan ƙafa a laka har muka dawo gari. Wallahi ban taɓa ganin mai sanin hanya da sanin darajar mutum kamarsa ba. A daren nan na ce wa abokaina ko don yaron nan zan yafe, in ma faɗa wa mutane su zo wurin.

Sai da muka je mayar da babura na janye maganata. Mutumin ko sannu bai ce mini ba, ga bandeji a ƙafata yana gani. Zagaya babur ɗin ya shiga yi, ya nuna madubin da ya fashe da hannun birkin da ya lanƙwashe, ya ce za a cire a kuɗin ajiyata. Na ce, "Alhaji, kai ka ce mini an gyara birki." Ya ce ai an gyara, ni ne ban iya tuƙin tudu ba. Shekara goma sha biyar ina kan babur. Na yarda hanyar ta fi ƙarfin sanina, amma rashin sani ba ya cinye birki a kwana ɗaya, ba ya kuma goge tsagin taya. Ya riƙe fiye da rabin kuɗin, kuma sai a lokacin na tuna cewa hular kwanon da ya ba ni ma maɗaurinta a tsinke yake, da igiya na ɗaure. Kuɗin ba su ne suka fi yi mini ciwo ba. Rantsuwar da ya yi a waya ce, da yadda ya juya ya hau yaron da faɗa a gabanmu wai me ya sa ya kai mu gangare, alhali shi da bakinsa ya ba mu shawarar zuwa kogin.

Zan koma Mambila in Allah ya yarda, domin ina son kusantar Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Amma sai rani, kuma da babur ɗina zan taho ko da a bayan mota ne. Na karɓi lambar yaron, shi zan nema kai tsaye. Ƙunar ta fara bushewa, likita ya ce tabon zai zauna.