Kayan Fatsar Tarfon: Abin Da Bazazzagi Zai Saya Kafin Ya Nufi Bakin Teku

Tun da na dawo daga Legas da ɓawon kifin tarfon guda ɗaya a aljihu, abokan fatsata na bakin Galma da dam ɗin Shika ba su bar ni na huta ba. Ɓawo ne fari fat mai walƙiya kamar azurfa, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Duk wanda ya riƙe shi sai ya ce, "Malam, wane kaya za mu saya in mu ma za mu je?" Ga amsar a rubuce, don wanda ba ya zuwa majalisarmu ta Tudun Wada ma ya samu.

Tarfon kifin ruwan gishiri ne mai ɗumi. Ta ɓangarenmu na Atlantika ana samunsa daga Senegal har Angola, ta can kuma daga Florida har Burazil. Yana son inda ruwan teku ke haɗuwa da ruwan daɗi, irin tafkunan Legas da Epe da bakin kogunan Neja Delta. Yakan taso ya shaƙi iska, shi ya sa da sanyin safiya za ka hangi bayansa yana juyawa a saman ruwa. Wanda aka kama da ƙugiya a tsibirin Rubane na Gini Bisau a 2003 ya kai kusan kilo 130. Amma abu biyu ne game da shi suka shafi aljihunka: bakinsa tauri ne da shi kamar ƙashi, sannan da ya ji ƙugiya sai ya yi sama gaba ɗayansa yana kaɗa kai. Kayan da muke kama tarwaɗa da karfasa da su ba za su yi minti ɗaya a gabansa ba.

Turawan Amurka sun fi yabon kama shi da ƙwaron ƙarya na gashin tsuntsu. Wannan sai da sanda mai lamba 11 ko 12, da keken naɗi na musamman, da watanni ana koyon jifa, da ruwa garau wanda za ka hango kifin kafin ka jefa. Ruwan Legas ba haka yake ba, kuɗin kuma ya isa jari. Bar shi. Zaren hannu irin na mutanenmu ma bar shi, yatsu zai yanka maka.

Ni nawa zaɓin shi ne sanda mai ƙwari, tsawon ƙafa 7 zuwa 8, da keken naɗi mai lamba 6000 zuwa 8000, da zare mai kitso, da ƙugiya mai lanƙwasa wadda tsininta ya juyo ciki kamar tana kallon gindinta. A saƙala mata abu mai rai: ƙaramar karfasa, ko ƙaguwa, ko jatan lande. Wannan ƙugiyar ita ce sirrin abin. Kai da ka saba fizgar sanda da ƙarfi in tarwaɗa ta taɓa tana, sai ka horar da hannunka ya daina. A nan in kifi ya ɗauka, ka bar shi ya juya ya tafi, kai dai ka riƙa naɗi a hankali har zare ya miƙe. Da kanta ƙugiyar za ta zame ta maƙale a gefen baki, inda ta fi samun wurin kamawa. Ba ta cika shiga ciki ba, saboda haka in ka ga dama ka sake shi ya tafi lafiya, kamar yadda doka ta tanada a Florida. Nemi ƙugiya mai lamba 6/0 zuwa 8/0. Mustad ta ƙasar Norway, da Owner da Gamakatsu na Japan, duk ba su da laifi. Ƙugiya miƙaƙƙiya da muka saba, tsalle ɗaya zai watso maka ita.

Wajen keken naɗi, tambaya ɗaya nake yi: an toshe shi yadda ruwan gishiri ba zai shiga ba? Penn Spinfisher da Shimano Saragosa don teku aka ƙera su. Daiwa BG ma yana aiki, kuma ya fi Saragosa sauƙin kuɗi. Na ruwan daɗi kuwa, komai ƙyallinsa, tsatsa za ta cinye shi. Ka ja zare da hannu ka ji birkin keken, wato abin da ke riƙe zare in kifi ya ja: ya riƙa saki sumul, ba yana cijewa yana saki ba.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, wato zare. A tafiyata ta farko na sayi mai kitso a wurin wani mai talla a intanet, kwali mai kyau, da sunan wani sanannen kamfani a jiki, an rubuta yana ɗaukar nauyin laba 50, tsawonsa mita 300. Muna cikin kwale-kwale da wani masunci, hantsi bai gama ɗagawa ba, kifi ya ɗauka. Na gan shi da idona ya tashi sama, ruwa na zuba daga jikinsa, ina jin ƙarar marfin kunnuwansa kamar ana kaɗa faranti. Na sunkuyar da sanda wajensa yadda aka koya mini, don zare ya yi sako-sako lokacin tsalle. Duk da haka sai na ji "tas". Masuncin ya karɓi guntun zaren, ya naɗe a hannayensa biyu, ya ja sau ɗaya, ya tsinke. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan na ɗinkin buhu ne." Kuɗin mota, kuɗin masauki, kwana uku, duk sun bi ruwa saboda abin da bai kai kuɗin kwale-kwalen ba.

Jabu ya cika wannan harka, kuma kwali ba ya nuna komai, don kwalin ma bugawa suke yi. Abin da zai cece ka gwaji ne, kuma duk ana yinsa a tsakar gida. Zare mai kitso na gaske, irin wanda ake yi da Dyneema ko Spectra, bai kai ruwa nauyi ba. Yanki guntu, ka jiƙa shi da ɗigon ruwan sabulu, ka danna shi cikin kofi: na gaske zai taso, na nailan zai kwanta a ƙasa. Kusanto shi da ashana: na gaske narkewa yake yi da warin kyandir. Sai gwajin da na fi yarda da shi. Laba 50 kimanin kilo 23 ke nan, jarka mai lita 20 cike da ruwa kuwa kilo 20 ce da ɗan ɗori. Naɗe zaren sau da yawa a jikin sanda mai santsi, kada ka ƙulla, don ƙulli na rage masa ƙarfi, ka yi haka a hannun jarkar, ka ɗaga a hankali. In ya tsinke, an cuce ka. Tsawon ma suna satarsa. Je filin ƙwallo, wanda tsawonsa ya ɗan haura mita 100, ka warware ka gani.

Haka zaren gaba, wanda ake ɗaura ƙugiya a kai don kada kaushin bakin kifin ya goge shi. Fulorokabon ake so, wato wani zaren roba mai kama da nailan, laba 60 zuwa 80, tsawon kamar taku biyu. Sai su sayar maka da nailan a sunansa. Saka su tare a bokiti, na gaske ya fi saurin nutsewa nesa ba kusa ba. Ƙugiya kuwa, kama ɗaya da filaya ka gwada buɗe ta. In ta miƙe cikin sauƙi, duk fakitin shara ne. Ka kuma goga tsininta a farcenka, mai kaifi tana kamawa, ba ta zamewa. Duk mai kayan da ya ce sai ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin ka gani, ko ya karya farashi zuwa rabin na kowa, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka wuce.

In kuɗinka bai isa komai ba, rage a wajen sanda, kada ka rage a zare da ƙugiya. Ka tafi da zare na biyu a jaka, shi ma gwadajje, da gorar ruwan daɗi don ɗauraye keken duk yamma. Ni yanzu sai zare ya ɗaga jarkata sau uku nake zuwa Kwangila neman mota.