Ofishin yankan tikitin jirgi da ke Wuse 2 a Abuja, abin da na gani

Jama'a ni dai wannan ofishin sun burge ni wallahi. Taro ne ya kai ni tsibirin Barbados da ke yankin Caribbean, daga can kuma sai na wuce tsibirin Trinidad wajen wani ɗan uwa, kuma ni a zatona tafiyar wuni guda ce tunda teku ne tsakani. Hajiyar da ke kan tebur ta juyo min da kwamfuta ta ce "Alhaji duba nan", daga filin jirgin Grantley Adams da ke Barbados zuwa na Piarco da ke Trinidad kilomita 340 ne ko kusa da haka, awa ɗaya kacal a sama, kamar dai ka tashi daga Abuja zuwa Kano. Haka kuwa aka yi, ƙaramin jirgi ne mai farfela, kafin in gama shan lemo har mun fara sauka.

Ta kuma ja min kunne in isa filin jirgi da wuri, don ƙasa biyu ce daban, sai an bi layin shige da fice, kuma layin nan ya fi tafiyar kanta cin lokaci.

Inda suka gaza kawai waya, sai ka kira sau uku kafin a ɗaga, ranar Juma'a kuwa gara ka taka da ƙafarka. Kuɗin aikinsu ma da ɗan tsada amma ban yi da-na-sani ba.