Ɗan leƙen asiri a kasuwar Kamba

Ƙanena ne ya taho mini da wani littafin labarin leƙen asiri daga Kano, ya ce, "Yaya, ga wanda ya ambaci garinmu." Dare uku na yi ina karanta shi bayan Isha'i a nan Birnin Kebbi.

An gina labarin a 1984, shekarar da gwamnatin Buhari ta sauya launin naira ta kuma rufe iyakoki. Aka turo wani jami'in asiri Kamba da sunan mai sayar da goro, ya gano masu tsallakar da kuɗi zuwa Gaya ta Nijar. A nan marubucin ya kama ni. Ya san baƙo ba ya ɓuya a garin iyaka, kafin ya sauke kaya an san masaukinsa. Jarumin nan ba harbi, ba tsalle-tsalle. Zama yake a majalisa yana kasa kunne, kullum cikin fargabar kada a yi masa Zabarmanci ya kasa amsawa. Akwai daren da mai masaukinsa ya dube shi ya ce bai taɓa ganin ɗan goron da yake barin huhu ya bushe ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Mahaifinmu ya yi fatauci a wannan hanya, na san irin maganar da ake jefa wa wanda aka fara zargi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne sakaci da tarihi. Marubucin ya yi ta kiran hukumar jami'an asirin da sunan SSS, alhali a lokacin sunanta NSO, sai a 1986 Babangida ya rushe ta ya raba aikinta gida uku. Ga "Jihar Kebbi" ko'ina, mu da muke ƙarƙashin Sakkwato har 1991. Wanda ya tsaya ya koyi yadda ake yayyafa wa goro ruwa, me ya hana shi tambayar dattijo ɗaya?

Soyayyar da aka cusa a tsakiya ba ta da gurbi. Maci amanar kuma tun rabin littafi na gano shi, ba zan faɗa ba saboda masu son karantawa. Babin ƙarshe a gurguje yake, shafi kaɗan aka warware komai.

Duk da haka ban ajiye shi ba. Yana wajen kawuna yanzu, wanda ya yi shekarun nan a Kamba, ina jiran in ji ko zai gane kasuwar.