Na'urar duba mota ko agogon gwada ƙarfin mai?

Malam, ka tambayi wanne za ka fara nema tsakanin na'urar duba mota da agogon gwada ƙarfin mai. Duka biyun suna cikin but ɗin motata yanzu haka, kuma tawa ma Corolla ce irin taka, sai dai ta 2004, taka ta 2005. Injin ɗaya ne, 1ZZ mai lita 1.8. Tunda ka ce a silo lafiya lau take, sai an taka totur take shaƙewa, kuma fitilar injin ba ta kama a dashbod ba, ni dai agogon zan ce ka fara nema.

'Yar na'urar nan ta Bluetooth da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ita na fara saya, kuma har yau ina jin haushin kuɗin da ta jawo mini. Lamba ɗaya ta ba ni, P0171, wato iska ta fi mai yawa a cikin injin. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta gaya maka dalili. Na canza sensar oksijin, na canza iyafulo (sensar da ke auna iskar da ke shiga injin), mota tana nan jiya i yau. Idan fitila ta kama, tana da amfaninta, musamman in fulogi ko kwayil ne, don za ta nuna maka silindar da ke yanke wuta daga P0301 zuwa P0304. Iyakarta ke nan a wurina.

Agogon kuwa a hanyar Jos na san darajarsa. Muna hawan Kibo da iyali da kaya cike da but, na fito zan sha gaban wata tirela, na taka totur har ƙasa, motar ta yi kamar an riƙe ta da igiya ta baya. Ga wata motar ta taho gaba-da-gaba. Allah ne kawai ya kiyaye na koma bayan tirelar, uwargida tana ta salati. Da muka dawo gida wani abokin aiki ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, garejinsa ko rumfar kirki babu. Bai tambaye ni lambar da kwamfuta ta bayar ba. Ya ɗauko wani tsohon agogo mai doguwar tiyo, gilashinsa ma ya tsage, ya haɗa shi da layin mai, ya fito da shi ta gefen bonet ya ɗaure a gindin gilashin gaba da robar tayar keke. Ya ce, "Alhaji, ja mu je, ni allura zan kalla."

A tsaye allura tana kan 46. Wannan injin yana son tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi, don haka duk wanda ya gwada ta a gareji zai rantse fanfon mai lafiyarsa ƙalau. Muna hawa titi na taka, sai allura ta fara sulalewa, ta yi ƙasa da 30, motar ta shaƙe daidai lokacin. Na ɗaga ƙafa, ta koma wurinta. Baba ya yi dariya ya ce mu juya. Da aka ɗaga kujerar baya aka zaro fanfon daga tanki, rariyar da ke bakinsa ta zama baƙa ƙirin, laka ta toshe ta kamar an tsoma ta a kwata. Laifina ne: lokacin wahalar mai na sha na 'yan bumburutu a jarka, ga halina na yawo da tanki a kusa da ƙarewa, alhali man da fanfon ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. A satin da abin ya faru na sayi nawa agogon.

Abu ɗaya: kada ka shigo da tiyon cikin mota, fetur ne a ciki da ƙarfinsa. Kuma Corolla ɗin nan ba ta da bakin gwaji a layin mai, sai an sa mahaɗi mai baki uku, don haka ka tabbata yana cikin akwatin agogon kafin ka biya.

In ka gwada allura ta tsaya cak ko da ka taka, to ka wanke fanfo daga zargi, ka saurari motar. Idan injin yana ihu, allurar juyi tana tashi amma mota ba ta gaba, wannan maganar giya ce, in kuma mai kulochi ce to faranti ya cinye. Idan fizga take yi kamar doki, fulogi da kwayil. Idan kuwa da safe tana ɗan ja, amma da ta yi zafi sai ta ƙi wuce wani gudu, salansa tana huci kamar mai mura, to indomi ne ya toshe, wato matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa. Gwajinsa ba wuya: a kwance sensar oksijin ta gaba hayaƙi ya sami mafita, a ɗan zaga kaɗan. Za ta yi ƙara, amma in ƙarfi ya dawo an kama ɓarawo. Filtar iska ma ka buɗe ka duba, ƙurar hunturun nan ba ta da wasa.

Ba ka tambaya ba, amma maganar indomi sai na ja kunnenka. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, ana sayensa da daraja, shi ya sa wasu da sun ji ka ce mota ba ta ja, kafin su buɗe bonet sun yanke hukunci a fasa shi. Su ɗauke naka mai lafiya, su mayar maka da fanko, ciwon yana nan. Kada ka bar motar ta kwana a hannun wanda ba ka sani ba, kuma in har cirewar ta zama dole, ka tsaya a kai a miƙo maka kayanka. Haka masu sayar da fanfo: kwali an rubuta Denso, na ciki ko wata uku ba zai yi ba. Wani kuma mataccen fanfo zai wanke da fetur ya ce maka ɗan Beljiyam ne, ya dangwala shi a batir ka ji yana kuka. Kuka ba shi ne ƙarfi ba. Ka yi sharaɗi da shi a gaban shaida cewa za a ɗaura a gwada da agogo, in bai riƙe 44 a kan hanya ba ka dawo masa da abinsa.

Saboda haka sayi agogon, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Na'urar kuma kada ka wahalar da kanka, in kana kusa ka zo ka ari tawa, tana nan a cikin leda.