Gargaɗi kan mai tallar famfo da tankin ƙasa na jabu ga masu kiwon murjani a Zariya

Assalamu alaikum. Mu da muke ajiye kifin teku da murjani mai rai a akwatin gilashi a Zariya ba mu da yawa, kuma yawancin kayan aikinmu daga Legas ake sako mana su a mota, shi ya sa na ga ya wajaba in sanar da 'yan'uwa abin da ya same ni a hannun wani mutum da ke talla a zaurukan WhatsApp, yana cewa yana da famfon mayar da ruwa ƙirar Jamus tare da tankin ƙasa, wato samf, ƙaramin tankin da ake ajiyewa a ƙarƙashin akwatin don tace ruwa, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba.

Akwatina a Samaru yake, tsawonsa santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, yana cin lita 300. A ƙa'ida ana so famfo ya zagaya da ruwan akwati ta cikin samf sau uku zuwa biyar a awa ɗaya, don haka na nemi wanda zai ba ni lita 1,500 a awa bayan ya haura da ruwan sama. Mutumin ya turo hoton kwali da aka rubuta lita 3,000, ya yi ta kirana ranka ya daɗe, ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma in tura da zarar direba ya iso Kwangila. Da direban ya iso, sai ya ce da ni: "Malam, an umurce ni kada in sake kayan sai mai su ya ga alat." A bakin titi na biya, ban buɗe ba.

Lambar da ke jikin kwali, ko a famfo na gaskiya, ƙarfinsa ce lokacin da ba ya ɗaga ruwa ko kaɗan, kuma tana raguwa da tsayin bututu da kowace kwana da aka yi masa. Na san da wannan, na kuma yi masa rangwame a lissafi. Gwajin ba shi da wuya: famfon da ke ba da lita 1,500 a awa zai cika jarka mai lita 25 cikin minti ɗaya. Na sa tiyo na ɗaga shi zuwa tsayin bakin akwatin, na duba agogo, sai da aka haura minti uku kafin jarkar ta cika, wato bai kai lita 500 ba, ga ƙara kamar injin markaɗe, ga jikinsa ya ɗau zafi. Zafin ma illa ne, domin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, kuma duk wanda ya san Maris da Afrilu a Zariya ya san irin faman da ake yi kafin a riƙe shi a haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na gan shi ne bayan kwana tara, da na cire murfin gaba na zaro farfelar. Famfon ruwan gishiri yawanci sandar farfelarsa ta tangaran ce, fara sol, ba ta tsatsa. Wannan kuwa ƙarfe ce zalla, ta yi ja, tsatsar har tana manne a yatsa, sannan a bakin fita akwai zoben tagulla da aka shafe da baƙin fenti. Tagulla tana ɗauke da jan ƙarfe, shi kuma ko kaɗan ne guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Ina kyautata zaton famfon kwalliyar lambu ne aka manna masa takardar wani kamfani.

Samf ɗin ma bai tsira ba. Idan aka ɗauke wuta, ruwan akwati yana zubowa cikin samf har sai ya sauka ƙasa da bakin magudana da na bututun mayarwa. A nawa santimita 3 ne, lita 18 ke nan, ban da na cikin bututu. Sararin da aka bari a tankin bai ɗauki ko lita 10 ba, don haka daren farko da wuta ta tafi, ruwan gishiri ya malale a falo har ƙarƙashin kujeru. A nan ina da nawa laifin, tunda ban huda ƙaramar ƙofar iska a bututun mayarwa ba, wadda ke katse tsotson ruwa.

Da na kira shi, ya ce wutarmu ce ba ta da kyau, washegari kuma lambar ta daina shiga. A makon nan na sake ganin hotunan nan, da kwalin da gefensa na hagu ya yage, ƙarƙashin wani suna da wata lamba. Duk wanda aka yi wa wannan tayi, ya nemi a zaro farfela a gabansa, ya tabbatar an rubuta ƙarfin wuta 220V zuwa 240V da 50Hz a takardar da ke jikin famfon, ya cika jarka da agogo a hannu, ya kuma auna sararin samf da tef kafin kobo ya fita. Famfon yana nan wurina da kwalinsa ga mai son ya gani da idonsa.