Ƙwayar dienogest ta sauƙaƙa mini ciwon mara, amma ba kowa za ta yi wa ba

Fiye da shekara ke nan ina shan wannan ƙwaya, wadda likitar mata ta ɗora ni a kanta a nan Katsina bayan an tabbatar ina da cutar endometiriyosis. A jikin kwalin an rubuta dienogest 2mg. Hukuncina a taƙaice: ta rage mini ciwo sosai, har na koma aikina na koyarwa ba tare da fashin da nake yi kowane wata ba. Amma tana da nata wahalhalun, tana da tsada, kuma ba ta warkar da cutar. Danne ta take yi.

Ga wadda ba ta san cutar ba, wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a inda bai kamata ba: kan ƙwan mace, bututun mahaifa, bayan mahaifa, wani lokacin har kan hanji ko mafitsara. Duk wata idan al'ada ta zo shi ma yana kumbura ya yi jini, sai dai jinin ba shi da hanyar fita. Daga nan kumburi, daga nan tabo, har kayan ciki su riƙa mannewa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa ke da ita, wato kimanin mata miliyan 190. Idan na dubi ajin da nake koyarwa, nakan yi tunanin wace ce a cikin yaran nan take kifa kai a kan tebur duk wata ba wanda ya tambaye ta dalili.

Abin da ya fi cin raina shi ne shekarun da na ɓata kafin a gano ta. Tun ina sakandare nake birgima idan al'ada ta zo, ga amai, ga gudawa. Goggona ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, da kin yi aure zai wuce." Na yi auren bai wuce ba, sai ma ƙarin zafi lokacin kwanciya da maigida, abin da ba ki iya faɗa wa kowa. A kemis da asibiti magana ɗaya ce, ciwon sanyi ne. Na sha maganin sanyi na bature da na gargajiya har na gaji, na sha ƙwayoyin kashe zafi har suka fara taɓa mini ciki. Fatar marata ta yi dabbare-dabbare saboda kwalbar ruwan zafin da nake ɗorawa, kuma wannan tabon ne likitar ta fara gani. Ta tsaya ta ce, "Malama, tun yaushe kike ƙona kanki haka?" Sannan ta yi mini tambayoyin da ba a taɓa yi mini ba: ko bahaya na yi mini zafi lokacin al'ada, ko fitsari, ko ciwon na sauka har cinya, ko akwai mai irin wannan a danginmu.

Hoton da aka ɗauka ta gaba ya nuna ƙari a ƙwaina na hagu, cike da tsohon jini. Daga baya aka yi mini aikin leƙen ciki, inda ake yin 'yan ƙananan huda a gefen cibiya, a hura iska a ciki, a zura kyamara. An cire ƙarin, an kankare abin da za a iya. Na farka da ciwon kafaɗa, ma'aikaciyar jinya ta ce iskar da aka hura ce, kuma ya tafi da kansa. Bayan aikin ne aka fara ba ni ƙwayar, don kada naman ya sake tsirowa da wuri.

Ana shan ta ɗaya a rana, kullum, ba hutu, kuma a lokaci guda. Ni na ɗaura ta da sallar isha'i, shi ya sa azumi bai rikita mini lissafi ba. Tana aiki ne kamar sinadarin furojestaron na jikin mace: tana rage wani sinadarin mai suna istirojin, wanda shi ke ciyar da naman, sai naman ya yi ta ƙanƙancewa.

Watannin farko ba su yi daɗi ba, kuma ina so duk mai shirin farawa ta ji wannan da kyau. Jini ya riƙa ɗiga mini ba tsari, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo ruwan ƙasa-ƙasa. Ga mace musulma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kullum tambayar ita ce in yi salla ko in bari. Sai da na je wurin malamarmu ta Islamiyya ta zaunar da ni ta bambance mini jinin haila da na istihala kafin hankalina ya kwanta. Na so a ce tun a ɗakin likita ake gaya wa mace ta shirya wa wannan. Akwai kuma ciwon kai, nonuwa suka yi nauyi, ƙuraje suka feso a haɓata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙuncin zuciya da ke sauko mini haka kawai. Na gaya wa likita, ta ce sananne ne a cikin illolin maganin, kuma in ya yi tsanani dole a canza. Nawa ya lafa. Amma wadda ta taɓa fama da ciwon damuwa ta faɗa tun kafin a rubuta mata.

Da aka yi nisa sai jinin ya ɗauke kusan gaba ɗaya, ciwon ya koma ɗan murɗawa da nake iya aiki da shi. Na tsaya a aji tun safe har tashi a ranakun da a da nake kwance. Alhamdu lillahi.

Abu biyu nake so a sani kafin a kashe kuɗi. Na ɗaya, wadda ke neman haihuwa yanzu-yanzu, wannan ba maganinta ba ne, domin yawanci yana hana ƙwai fita. A garinmu da ake fara duban cikin amarya tun kafin lalle ya goge, wannan shawara ce mai nauyi, kuma ni sai da muka je tare da maigida likita ta yi mana bayani a gabansa. Na biyu, samunsa. Ba kowane shagon magani ke ajiye shi ba, wani lokacin sai na yi saƙo Kano, kuma farashin na bin dala. Idan kika yi fashi ɗigon jinin yakan dawo. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali. 'Yan mata masu tasowa kuma ana taka-tsantsan da su, saboda an ga yana iya rage ƙarfin ƙashi a wannan shekaru.

Tun da na san sunan ciwona nake bibiyar binciken da ake yi, kuma akwai abin ƙarfafa gwiwa. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta sabunta ƙa'idojinta, ta ce ba sai an yi aikin leƙen ciki ba kafin a fara magani, hoto da alamomi na iya wadatarwa, sannan hoton da ya fito lafiya ba ya nufin babu cutar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da aikin ke mana tsada. A 2023 wani bincike da Jami'ar Oksfod ta jagoranta, kan mata kusan 60,000 masu cutar, ya gano wurare 42 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, wasunsu ma suna da alaƙa da ciwon ɓarin kai da ciwon baya. Ashe ba banza likita ta tambaye ni danginmu ba. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan suka samu wata ƙwayar cuta a mahaifar kashi 64 cikin 100 na masu cutar da suka duba, kuma maganin kashe ta ya rage naman a jikin ɓeraye. A ɓeraye, 'yan uwa, ba a mata ba tukuna, kada wata ta ruga kemis. A Faransa ana gwada gano cutar ta hanyar yawu, a Ingila kuma a 2025 an amince da sabuwar ƙwaya mai haɗa magunguna uku ga waɗanda sauran magunguna ba su yi musu ba. Ina fatan irin waɗannan su iso asibitocinmu da farashin da malamar makaranta za ta iya.

Zan ba da shawarar dienogest ga wadda likitan mata ya duba ya rubuta mata, ba wadda ta ji a bakin ƙawa ba. Kafin ki je, ki riƙa rubuta ranakun ciwon, inda yake kama ki, da abin da ya hana ki yi, ki tafi da takardar. Ni a zuwana na gaba za mu tattauna yadda zan dakatar da ita mu nemi haihuwa, kuma likita ta riga ta gaya mini ciwon na iya dawowa idan na daina.