Masu rubuta wa asibiti littafin ƙa'idojin ma'aikata: yadda na ga aikinsu

Masu ƙananan asibitoci da ke tambaya ko ya cancanci a biya kamfani ya rubuta musu ƙa'idojin ma'aikata, ni dai na ce eh, amma ku sa ido. Mun ɗauki wasu sun yi mana, ba zan kama suna ba kar a ce talla nake.

Abin da ya burge ni, ba daga ofis suka turo mana takarda ba, sai da suka zo suka zauna da nas-nas da mai ba da kati da ɗan leb har da mai shara, kowa ya faɗi inda ake samun rigima. Da can komai a bakin oga yake, wannan ta nemi hutu a ba ta, waccan ta nema a ce babu, sai gunaguni ya tashi wai ai 'yar lele ce. Yanzu hutu da musayar aikin dare da makara da gargaɗin da ake yi kafin a kai ga sallama duk a rubuce suke, kowa ya karanta ya sa hannu.

Shafin da ya fi min komai shi ne na wanda allura ta soka a bakin aiki. Sun rubuta a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ga wanda za a kira ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma maganin kariya daga HIV a fara shi da wuri, kar ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Wallahi sabuwar nas in abin ya same ta ɓoyewa take yi don tsoron faɗa, to yanzu takarda ta ce ba laifi ba ne, rashin faɗar ne laifi. Haka firjin rigakafi, digiri 2 zuwa 8, a duba safe da yamma a rubuta. Sai sirrin majinyaci, ba ɗaukar hoton fayil a tura WhatsApp, ba faɗa wa dangi sakamakon gwaji a waya ko da kuwa miji ne, sai da izinin mai shi.

Inda suka gaza, littafin ya yi kauri, kuma wasu shafukan kwafo su aka yi daga na babban asibiti. Har da jerin abubuwan da ake dubawa lokacin tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 suka saka mana, mu da ko ɗakin tiyata ba mu da shi! Harshen ma irin na lauyoyi ne, sai da muka sa suka sauƙaƙa.

In za ku ɗauke su, ku tambaya tun farko ko sabunta littafin yana cikin yarjejeniya, mu namu ba ya ciki.